Kwamfutar da Na Kai wa Surukina

Shekarun da na yi ina koyar da lissafi a wata sakandare a Kebbe, iyalina suna Tambuwal, ban taɓa shiga gida da sauran ƙarfi a jikina ba. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci nake hawa babur, in kama hanyar nan da ba ta tausayin kowa, in iso ƙuguna kamar an daka. Da damina kuwa rabin tafiyar turi ce. Bayan yara, abin da ke sa in ji na dawo gida shi ne kwamfutata da ke kan tebur, lulluɓe da tsohon zanen mai ɗakina. Ita ce daga baya na kai wa surukina aro, shekarar da aka ce za a raba shi da kujerarsa a wurin aiki.

'Yar gwanjo ce mai ƙatuwar ƙeya, na sayo ta a Sakkwato lokacin da wayar hannu ta fara shigowa garuruwanmu, ana ta cewa a rediyo farashin ɗanyen mai ya sake hawa a kasuwar duniya, mu dai ba mu gani a ƙasa ba. Windows ce a kanta, kuma Windows ɗin nan ta gasa mini aya a hannu. Duk sanda na kai fulash shagon buga takardu na dawo, sai ta kwaso cuta. Tambayoyin jarrabawar da na sha wahalar shiryawa su ɓace, ta riƙa nauyi, ta riƙa kashe kanta. In ɗaure ta bayan babur in kai wa mai gyara, ya goge komai, in dawo in fara daga farko. Na gaji. Wallahi na gaji da ita har na fara tunanin in sayar in huta.

Wani abokin aikina da ya yi karatu a birni ya ba ni faifan Linux, wata kishiyar Windows, ya ce wannan cutar fulash ba ta kama ta. Ya ce ba sai na rabu da Windows ba, ana iya zaunar da su biyu a kwamfuta ɗaya, kowa da ɓangarensa. Kashedi ɗaya ya yi mini: lokacin da take raba faifan ciki gida biyu, kada wuta ta yanke, in ta yanke to sai dai haƙuri. Na yi dariya. A Tambuwal ake cewa kada wuta ta yanke!

Wata Asabar na roƙi mai askin bakin layinmu ya ara mini janaretonsa daga hantsi zuwa la'asar. Na kwashe takarduna a fulash, na bar Windows ta tattara kayanta gefe guda, abin da ya cinye mini rabin wunin ina zaune ina kallon 'yan layuka suna motsi. Sannan na saka faifan. Ta tambaye ni yare, ta tambaye ni gari, sai ta kawo babbar tambayar: ta cinye faifan ciki duka, ko ta raɓa gefe? Na karanta ya fi a ƙirga kafin in zaɓi gefe. Na ja iyakar zuwa tsakiya, na danna, na koma na jingina da bango. Duk tarin da janareton ya yi sai gabana ya faɗi. Mai ɗakina ta leƙo ta ce abinci na hucewa, na ce ya huce.

Da ta gama ta sake tashi, sai ga wani baƙin allo da ban taɓa gani ba, da 'yan layuka farare. Linux a layin sama, wasu abubuwa a tsakiya, Windows can a layin ƙasa. Daga ƙarƙashi lamba tana ƙirgawa da baya, daƙiƙa goma. In ka danna kibiyar ƙasa ka sauka layin ƙarshe, ka shiga Windows. In ka tsaya kallo har ƙirgar ta ƙare, ta wuce da kai Linux ba ta tambaye ka ba. Na taɓa gwada juya tsarin sau ɗaya don Windows ta dawo sama, kwamfutar ta ƙi tashi gaba ɗaya, sai da na yi mako biyu kafin abokin nan nawa ya zo ya ceto ni. Daga ranar na rantse ba ni sake taɓa wurin. Ni dai Linux ɗin nake shiga, ta zauna mini lafiya, allonta ruwan ƙasa, maɓallanta a kusurwar sama.

Surukina, wanda nake kira Baba, taifis ne a wani ofishin gwamnati a garinmu. An ɗauke shi aiki yana saurayi, zamanin da jiha take sabuwa, kuɗi na yawo, ana ba ma'aikata bashin keke da babur ba sai sun roƙa ba. Tun daga lokacin yake gaban tafireta. Rabin takardun ɗaukar aikin mutanen garin nan ta ƙarƙashin yatsunsa suka bi. Mutum ne mai tsabta da kamun kai, rigarsa fara kullum, ba ya ɗaga murya. Saura kaɗan ya yi ritaya da mutuncinsa.

Wata Juma'a na iso a jigace, ko takalmi ban cire ba, mai ɗakina ta ce, "Inna ta ce Baba bai barci kwana biyun ga. Wai masu gwaji na zuwa daga Sakkwato bayan Sallah, duk taifis ɗin da bai iya kwamfuta ba masinja za a maishe shi."

Na ce, "To mi kika so in yi?"

Ta ce, "Ban ce ka yi komi ba. Faɗa maka nika yi."

Na san irin wannan faɗar. Na kalli teburin, na kalle ta, na ce gobe zan kai masa.

Kai kwamfutar ba shi ne aikin ba. Koyarwar ce matsala. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa zama kujera ɗaya da Baba ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. In na je gaisuwa, daga bakin shigifa nake cire takalmi in durƙusa, kaina a ƙasa, mu gaisa, ya sa albarka, in tashi. To ta ina zan tsaya a kansa in ce masa danna nan, a'a ba nan ba? Mai ɗakina kuma 'yar fari ce. Ko sunanta ba ya faɗa, magana tsakaninsu ba ta wuce gaisuwa. Saboda haka hanya ɗaya ta rage: ni in gaya mata, ita ta gaya wa Inna, Inna ta gaya wa Baba. Inna kuwa ko rediyo ba ta kunna wa kanta.

Ranar da na kai, Baba ya san ina zuwa, sai ya tafi ta'aziyya Jabo don kada mu haɗu a kan abin. Na jera ta a kan teburin shigifarsa, na haɗa wayoyi, na gwada, komai lafiya. Na dawo gida na zaunar da mai ɗakina na yi mata bayani dalla-dalla: in ya kunna, baƙin allo zai fito, ya danna kibiyar ƙasa har ƙarshe, ya danna babban maɓallin, sannan ya nemi Word, a nan ake rubutu. Na maimaita, ta maimaita. Na ce ta jaddada wa Inna maganar baƙin allon. Ta ce in daina ɗaukarta kamar 'yan ajina.

Haka na zauna wata uku ba kwamfuta. In dawo daga Kebbe in tarar da tebur wayam, in rubuta tambayoyin jarrabawa da hannu, in kai shago a buga mini da kurakurai. Raina na ɓaci in na tuna Linux ɗina tana can a kwance ba mai shigarta. Kowace Asabar in je in durƙusa bakin shigifa, in hango ta a rufe da sabon tawul.

"Baba, ya aiki?"

"Alhamdu lillahi, Malam. Allah shi yi albarka."

Shi ke nan. Sauran labari sai ta hannun Inna. Baba ya ce ya gane kanta. Baba ya ce ta fi tafireta laushi. Baba ya ce duk sanda anka kawo wuta, ko abinci yake ci sai ya ajiye. Har ya daina zama majalisar bayan la'asar. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sau da yawa bakina ya ɗauko tambaya, in ce Baba ko zan duba in gani, sai in ji nauyin abin, in haɗiye. Wa ke duba aikin surukinsa kamar mai makin jarrabawa?

An yi gwajin ranar Laraba, ina Kebbe. Sai Juma'a na ji. Tun daga ƙofar gida na ga fuskar mai ɗakina na san ba lafiya. Ta ce Baba ko harafi ɗaya bai buga ba.

Na ce, "Ban gane ba. Ko harafi ɗaya kamar yaya?"

Wani maƙwabcinmu da ke aiki a ofishin ne ya cike mini labarin. Masu gwajin sun zo da kwamfutocinsu, suka jera a babban ɗaki. Abin da ake so kaɗan ne: ka buɗe Word, ka buga 'yar wasiƙa, ka adana. Baba ya zauna da farar rigarsa, ya kama maus, ya kai kusurwar sama, bai ga komai ba. Ya sake kaiwa. Sai ya naɗe hannu ya jira. Ɗaya daga cikin samarin ya zo ya ce Baba lokaci na tafiya. Ya ce masa ai ba ta gama tashi ba, jira yake hoton ya canza. Saurayin ya ce ta tashi tun ɗazu. Baba ya roƙi a kashe a sake kunnawa. Aka yi masa, don yaran ba marasa kunya ba ne. Ta sake kawo masa hoton nan dai, koren tudu da shuɗin sama. Ya zauna yana kallonta har aka ce a tashi. Maƙwabcin ya ce wasu daga baya sun yi 'yar dariya, amma ba da ƙarfi ba. Washegari aka gaya masa daga farkon wata zai koma ɗaukar fayil daga ofis zuwa ofis.

Na kwana ina juyi, haushi ya cika ni, ban ma san wa nake jin haushi ba. Wata uku mutum yana cewa ya iya, sannan ya kasa buɗewa? Har na ce wa mai ɗakina wataƙila tsufa ne, ta juya mini baya.

Da hantsin Asabar Inna ta aiko cewa Baba na kirana. Tun da nake bai taɓa aikowa a kira ni ba. Na je na durƙusa inda na saba. Akwai wuta, fanka na juyawa.

Ya ce, "Malam, shigo."

Na matsa kaɗan.

Ya ce, "Shigo na ce. Tsaya nan bayana ka duba. So nika ka gaya min inda na kuskure."

Na miƙe, na tsaya bayan kujerarsa. Ban taɓa ganin ƙeyarsa kusa haka ba, furfura ta cinye ta duka. Ya yaye tawul ɗin ya ninke. Ya ce bismillahi, ya danna maɓallin kunnawa. Sai ya ɗaga tafukansa biyu, ya sunkuyar da kai, ya rufe ido, ya fara addu'a a hankali, irin wadda na tabbata ita yake yi a gaban tafireta tun kafin a haife ni.

Baƙin allon ya fito. Layukan suka jeru, Linux a sama, Windows a ƙasa. Lamba ta fara ƙirgawa. Ina tsaye ina kallonta tana sauka, shi kuwa idonsa a rufe, leɓunansa na motsi. Na buɗe baki na rufe. Yaya zan katse wa dattijo addu'a? Ƙirgar ta ƙare, layukan suka ɓace, allon ya yi duhu yana shirin shiga Linux. A daidai nan ya shafa fuska, ya buɗe ido, ya ga baƙin allo kamar yadda Inna ta gaya masa. Ya danna kibiyar ƙasa a natse, ya danna babban maɓallin. Babu abin da dannawar ta yi, amma shi bai sani ba. Can sai ga allona ruwan ƙasa.

Inna lillahi.

Ya kai maus kusurwar sama ba tare da lalube ba, ya buɗe jerin, ya sauka wurin kayan ofis, ya zaɓi abin rubutun Linux, wanda shi ma akwai kalmar Word a cikin sunansa. Shi kaɗai ya gano wannan hanyar, da Turancinsa na tsohon ma'aikaci, babu wanda ya nuna masa. Ya gyara zama ya fara bugawa, idonsa a kan allo, yatsunsa na gudu. Adireshi a dama, gaisuwa a hagu, kan magana a tsakiya da layi a ƙarƙashi. Ya cika rabin shafi, ya tsaya, bai waiwayo ba.

"To, Malam, mi ne ban iya ba nan?"

Na durƙusa a gefen kujerar, don ba zan iya faɗar wannan magana a tsaye ba. Na gaya masa kwamfutar ɓangare biyu gare ta. Na gaya masa akwai wurin zaɓi da ke fitowa na daƙiƙa goma ya wuce, kuma yana wucewa ne lokacin da idonsa ke rufe. Na ce wanda ya koya nawa ne, wanda suka kawo masa a gwaji shi ne ɗayan, yana nan cikin wannan akwatin tun ranar da na kawo ta.

Fankar kaɗai ake ji, da muryar Inna can cikin gida tana korar awaki.

Ya ce, "Shina nan ciki?"

Na ce, "Shina nan, Baba."

"Tun ran farko?"

"Tun ran farko."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Sake tashe ta. Ni in yi addu'ata, kai ka danna abinka."

Haka muka yi. Ya ɗaga hannu, ni na miƙa nawa ta gefen kafaɗarsa na sauka layin ƙasa. Da ya buɗe ido sai ga koren tudu da shuɗin sama. Ya ƙura musu ido. Ya ce, "Ita ce wagga." Na nuna masa kusurwar ƙasa da ɗan yatsa, na nuna masa inda Word take. Sau ɗaya na nuna. Ya rufe ya sake buɗewa da kansa. Abin da ya ci masa kujera ke nan, bai kai tsawon shan shayi ba.

Zuciyata ta tafasa. Na manta da wa nake magana, na ce, "Baba, wallahi ba mu yarda ba. Jibi in fasa zuwa Kebbe in tafi Sakkwato, in nemi a sake maka gwajin. Ai ga shi ka iya, kowa ya zo ya gani!"

Ya riga ya fara bugawa. Na ɗauka gwaji yake, sai da idona ya faɗa kan layin tsakiya na ga takardar ajiye aiki ce. Na kau da kai, na koma bakin ƙofa na durƙusa. Na sake cewa Baba a yi haƙuri a jira, ya ce, "Malam, waɗanda za ni kai ma fayil ɗin, ni na buga takardun ɗaukarsu aiki. Ba ni iyawa." Abin da ya fara bugawa ke nan a Windows, kuma bai sake buga wani ba.

Babu na'urar fitar da takarda a gidan, sai ya ce in kai shago. Na kwafe a fulash, na hau babur cikin rana tsaka. A hanya na zagi masu gwaji, na zagi wanda ya ƙirƙiro ƙirgar nan ta daƙiƙa goma, na zagi kunyar da ta sa magana sai ta bi baki uku kafin ta isa kunnen mutumin da ke layi biyu da gidana. Zagin bai rage mini komai ba. Na tsaya a shago ana ta hira a kaina, aka fitar mini da takardar da ɗuminta, na saka a ambulan na dawo.

Ya karɓa, ya sa tabarau, ya karanta daga sama har ƙasa. Ya ciro biro daga aljihun gaba, ya ce bismillahi, ya ɗora. Hannun da ɗazu yake gudu a kan maɓallai sai ya kama rawa. Biron ya zame, ya ja wani karkataccen layi ya tsallaka kan rubutun. Ya tsaya yana kallon wurin. Ni kuma na sunkuyar da kai, hawaye na zubo mini a kan tabarma, ina roƙon Allah kada ya waiwayo.

Ya ce, "Malam, guda nawa ka fiddo?"

Na ce, "Ɗaya, Baba."

Ya ninke ta biyu ya ajiye gefe. Ya ce, "To koma ka fiddo wata. Ba ni kai musu takarda da datti."

Na tashi na sa takalmina, na sake buga babur.